Wa Albarka Ya Ɗauko?

"Tawa tawa ce! Babu lungun da ban sani ba, babu al'adar da ban sha na ƙoshi ba. Ni da kuke gani, in na shiga kaya, ko bango sai ya gaishe ni."

Bakin Mushe Ishaya ke nan, maƙwabcina, malamin lakwal, wato makarantar boko, a nan garin Tawa. Asalinsa mutumin Dogondutsi ne, aiki ya kawo shi, amma in yana ba ka labarin ƙasarmu ta Adar sai ka rantse nan aka binne cibiyarsa. 'Yan lakwal suna ce masa mushe, wato malam a Faransancinsu, don girmamawa. Mu kuwa 'yan unguwa in mun faɗa, Allah kaɗai ya san wane mushen muke nufi.

To, Allah ya ba shi ɗa namiji, aka sa masa Albarka. Murna har kunne. Sai dai duk wanda ya zo barka ya leƙa fuskar jariri, magana ɗaya ce: "Kai! Lidiya sak!" Lidiya matarsa ke nan. Surukarsa kuma, Inna Raƙiya, da ta zo daga Dutsi don wankan jego, ita ta ƙarasa shi. Ta ɗora yaro a cinya tana rabon gado.

"Hancin ga namu na. Goshin ga namu na. Kunnen ga kau na marigayi kakanai."

"Inna, ni hwa?" in ji Ishaya.

Ta juya yaro, ta duba sama, ta duba ƙasa. "Yana da yawan surutu. Ƙila nan."

Abin ya yi masa ciwo, wallahi. A ƙofar gidana ya buga ƙirji ya ce, "Ran da za a miƙa yaron ga ga Ubangiji, gaban jama'a duka, da bakinta za ta ce ni ya ɗauko. In ba ta hwaɗa ba, ku canza min suna."

Ka san yadda suke yi a majami'arsu: ranar Lahadi iyaye su fito gaba da jariri cikin farar riga, fasto ya yi masa addu'a. Ita kuwa farar rigar, Inna Raƙiya da ita ta zo a ƙasan akwatinta. Da hannunta ta ɗinka ta tun haihuwar fari. A cikinta aka miƙa 'ya'yanta duka, har Lidiya, aka miƙa jikoki, ko ɗigon nono bai taɓa zama a kanta ba. Da Ishaya ya ce shi zai riƙe yaro ranar, tsohuwa ta ja masa kunne.

"Mushe, rigar ga ta girmi matarka. Ko ƙuda ya sauka bisanta sai na ji dalili."

"Inna, ni da nake riƙe aji guda na ɗiyan mutane? Kwantar da hankalinki."

Saura kayan da uba zai sa. Da fari kwastim, wato kwat da wando, ya bayar a ɗinka. Ya hana tela ya gwada shi, wai ya fi kowa sanin jikinsa, ya auna kansa a gida yana shanye tumbi kamar mai ninƙaya. Da kwastim ta iso ya sa, ya ɓalla maɓalli, ya yi numfashi ɗaya. Tau! Maɓalli ya tashi ya sami zakaran Lidiya a ƙeya. Wando kuma da ya sunkuya neman maɓallin, shi ma ya faɗi ra'ayinsa ta baya.

"Dama kayan Nasara ba su dace da ɗan Adar ba," in ji shi.

Sai ya faɗa gidan Rissa, Buzu mutumin Takanamat mai sayar da awaki, wanda katanga ɗaya ta raba su. Rissa ya ba shi aron babbar riga, ya ɗauko farin rawani zai haɗa masa. Ishaya ya ture. Idonsa na kan wani rawanin turkuɗi sabo fil, shuɗi har ya koma baƙi, yana sheƙi.

"Wancan nika so."

"Mushe, wanga alasho na. Shi da hwarar riga ba su zama wuri ɗaya. Yana zuba."

"Ni za ka gaya wa? Yana zuba ga wanda bai san dabara ba. Ni kimiyya nika koyarwa."

Rissa ya yi murmushi cikin amawali, ya miƙa masa. In mutum ya ce zai haɗiye gatari, ai sai ka riƙe masa ƙota.

Lidiya ce ta yi tambayar hankali. "Baban Albarka, kana son a ga kama, kuma za ka ruhe huska?"

"Nan dabarar take, madam! In shiga a ruhe, kowa yana tambaya wane babban mutum ne wanga. Ana gama addu'a in sauke amawali, in haɗa kumatuna da na yaro. Ko makaho sai ya shaida."

Kimiyyar tasa kuwa, bari ka ji. Safiyar Lahadi ya lafta man kaɗe a fuska da wuya da hannuwa har yana ƙyalli, wai shuni ba ya kama mai. Sannan ya juye rabin kwalbar turare a kan rawanin har ya jiƙe, wai don ya kwantar da launi. Ya naɗa da kansa, naɗin da ya fito kamar gammon mai tallar tulu. Ya shiga majami'a yana taku ɗai-ɗai. Babu wanda ya tambaya ko wane ne, tumbin ya riga ya gabatar da shi.

Ni ma na je, har da Rissa, don maƙwabtaka. Fasto Filibus bai gama buɗe taro ba aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, fankoki suka tsaya cik. Watan zafi ne, rufin kwano, ga mata sun saki waƙa babu ranar ƙarewa. Mushe ya fara narkewa. Gumi na bin man kaɗe, man kaɗe na bin shuni, shi kuwa yana cusa hannu cikin amawali yana sharewa da hankici, yana jin kansa sarki.

Aka kira iyayen Albarka. Ya karɓi yaro daga hannun Lidiya, fari tas kamar auduga, ya rungume a ƙirji. Fasto ya ce a rufe ido. Kowa ya rufe, ban da ni da Rissa da Albarka. Yaro ya ga jelar rawani tana lilo a gabansa, ya cafke, ya kai baki. Ya tsotsa, ya tsotsa, ya goga a hanci, ya goga a goshi. Rissa ya danne cikinsa, kafaɗunsa na rawa.

Fasto Filibus kuwa mutum ne da ba ya addu'ar gaggawa. Ya roƙa wa yaro lafiya, ya roƙa masa ilimi, ya roƙa masa damina, har matar da zai aura sai da ya tanadar masa.

"Amin!"

Nan gwanin naka ya juyo ya fuskanci jama'a. Ya sa hannu ya sauke amawali, fuu! Ya ɗaga yaro ya manna kumatunsa da nasa, ya murza sosai don kada a ce ba a gani ba, ya washe haƙora.

Jama'a! Haƙoran nan da fararen idanu su kaɗai suka tsira. Fuska shuɗiya tun daga goshi har maƙogwaro, tana naso kamar an tsamo shi daga marina. Wata yarinya ta ƙwalla ihu ta shige zanen uwarta. Mai ganga ya kife a kan gangarsa. Fasto ya koma yana nazarin rufin kwano.

Ishaya ya ɗauka sha'awa ce. "Kun gani ko? Kun gani?"

"Baban Albarka," in ji Lidiya, "rigar Inna."

Ya duba. Tafin hannunsa biyu sun fito raɗau a kan rigar, yatsa-yatsa, ɗaya a ƙirji ɗaya a gefe. Wuyan rigar kuma miyau ya gangaro da shuni har ciki.

"Kada kowa ya tashi hankali! Yanzu zan gyara."

Ya zaro hankici. Wanne? Wanda ya yi ta share fuska da shi. Ya tofa miyau, ya dirje. Inda da yatsu ne kawai, yanzu ya zama taswira.

Dariya ta mutu, don Inna Raƙiya ta miƙe. Ta taho a hankali, takalminta kaɗai ake ji. Lidiya ta sa gefen gyale tana share ido, ni kaina sai da tsohuwar ta ba ni tausayi. Ta kama bakin rigar ta shafa, rigar da ta tsallake 'ya'ya da jikoki ba tabo. Ishaya ya so ƙasa ta tsage.

"Inna, kimiyya ce ta..."

"Yi shiru, Mushe."

Ta karɓi jikanta. Albarka ya buɗe mata baki yana dariya, harshe shuɗi, dasashi shuɗi, hanci da goshi da kunne duk sun rinu. Ta dubi yaro, ta dubi uban. Ta sake duban yaro, ta sake duban uban. Sannan ta juya wajen jama'a ta ɗaga shi sama.

"Riga dai ta tahi, Allah shi jiƙanta. Amma gaskiya ɗaya ta, kuma ku shaida: hancin ga ba namu na ba, goshin ga ba namu na ba. Yau kam yaro ubanai ya ɗauko, sak!"

Majami'a duka ta amsa, "Amin!"