Zakin Kakan Alhaji Bukar

"Da hannu ɗaya kakana ya shaƙe zaki a nan wajen," in ji Alhaji Bukar. "Ɗayan hannun yana riƙe da butar alwala, ko ɗigo bai zuba ba."

Haka yake faɗa kullum a bakin Lungun Zaki da ke Shahuci. Kun san irin mutanen nan, babbar riga kamar rumfar kasuwa, amma ɗan tsako ya yi tsalle sai sun ja da baya. To shi ne Bukar. Da mai unguwa ya ce za a kafa wa kowane lungu allon suna, Bukar ya ce atafau nasu sai dai a rubuta Titin Jarumi Modu Kashe-Zaki, da sunan kakan nasa. Mai unguwa ya ce ya kawo shaida ranar Asabar, a gaban jama'a.

Bukar ya ɗauko maroƙi, ya sa mai zane ya zana zaki a allo, sannan ya shiga wajen Goggo Dije, autar Modu, ita kaɗai ta rage a 'ya'yansa.

"Goggo, za ki fito ki ba da tarihin Kaka."

"Bukar, ka bar mamaci ya huta."

"Ai ɗaukaka shi zan yi."

"Ka dai san ba na ƙarya. Na kusa kabari."

"Gaskiyar nake so, Goggo, tsurarta."

Ranar Asabar lungu ya cika. Bukar ya taka ƙasaita ya yaye zanen da ya rufe allo. Jama'a suka leƙa hoton. Can Uwani mai ƙosai ta ce, "Alhaji, wannan ba muzurun gidan Safiya ba ne?"

"Zakunan da ba su da ƙiba," in ji Bukar. Ya yi maza ya ɗaga wata fata. "Ga fatarsa."

Liman ya karɓa, ya shafa, ya jujjuya. "Alhaji, buzun salla ne. Ga ma inda goshi ya cinye gashin."

"Zakin Barno ne, Malam, da rago suke kama."

Ya zaro wata doguwar sanda. "Ga mashin."

"Ina tsinin?" in ji mai unguwa.

"Ya karye a cikin zakin."

"Ba shaƙe shi ka ce ya yi ba?"

Mata kuwa tuni sun rufe baki da mayafi, don duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo ta san muciya in ta gan ta. Gwanin naku ya jingine sandar. Ya ce a fito da Goggo.

Aka zaunar da ita a kujera. Ta yi bisimilla, ta ce, "Babanmu Modu daga Barno ya zo, alewa yake dafawa. Mutumin kirki ne, sai dai kwaɗayi. Hausarsa irin ta mutanenmu ce, har ya rasu bakinsa bai iya cewa zaƙi ba, sai zaki. Wata rana aka kawo masa zuma a tulu mai faɗin baki. Ya juye, na gindi ya ƙi fitowa, shi kuma ya ƙi haƙura. Ya tura kai."

"Goggo, ki tsallake zuwa wajen zakin."

"Ai mun zo. Kai ya shiga, ya ƙi fita. Ya fito lungu yana karo da katanga. Aka ce, Modu, me ya kai ka? Daga cikin tulu ya amsa, zaki, zaki. Murya kuwa tana ruri. Unguwa ta watse. Ladan ya kwana biyu bai sauko daga bishiyar ɗorawa ba."

Jama'a suka kwanta da dariya, har liman sai da aka riƙe masa rawani.

"Babarmu ce ta fasa tulun da wannan muciyar," in ji Goggo. "In akwai wanda ya kashe zaki a gidanmu, ita ce."

Mai zane ya matso ya ce, "Kada ka damu, Alhaji. Kan muzurun nan a zagaye yake, in na sa masa wuya ya zama tulu."

Mai unguwa ya ce a sa, a rubuta Lungun Tulu.

Bukar ya tattare riga zai sulale. Maroƙi kuwa aikinsa aka kira shi ya yi, ya bi bayansa da dukan ƙarfin muryarsa: "A ba shi hanya! Bukar jikan Modu, gidanku ba a barin na gindin tulu!"