Yadda Na Shayar da Na'ura

Ni da na tsufa ina zanen ƙwarya a Kusasu, wai ni za a gwada wa zane! Ranar sunan jikata mata suka ɓullo da wasan waya: kowacce ta zana barewa da yatsa, na'ura ma ta zana, sai a gano tata.

Na ture su, na dangwala yatsa kan mafi kyau. "Wannan hannun 'yata Ladi ne, wallahi a nonona ta sha. Waccan mai kama da akuya ita ce ta na'ura."

Ladi ta sunkuyar da kai. "Inna, akuyar ce tawa."

Ashe a kan zanen na'ura na rantse. Har yau in waya ta yi ƙara sai su ce, "Inna, autarki na kuka."