An Kwantar da Mai Taga Yana Duban Gabas

Malam Maharazu Yahuza Miga, wanda aka haifa ranar sha huɗu ga watan Yuli na shekarar 1949, magini ne da ya shekara hamsin yana ɗora tubali a kan tubali. Daga Miga har Jahun ba a kiransa da wani suna sai Mai Taga, domin duk ɗakin da ya gina sai ya huda masa faffaɗar taga ta gabas, ko mai ɗakin ya so ko bai so ba. A bana tsani ya zame da shi, ƙashin ƙugunsa na hagu ya karye, aka kawo shi wani sabon asibiti a bayan Limawa, cikin Dutse, aka yi masa aiki. Likita ya ce lalle ya taka ƙasa a kwana na uku, in ba haka ba ƙafar za ta sage. Kwana na uku ya zo, Malam ya ƙi abinci, ya ƙi tashi, ya kuma ƙi faɗin dalili. Sai aka kira jikarsa Hauwa'u, wadda ita ce ta zana ginin asibitin tun daga tushe har rufi.

"... lafiya ƙalau. Ya jiki, ango? Ya kwanan otal?"

"Jiki da sauƙi. Wa ya bar wannan mummunar ta shigo? Ba na sake ki tun Sallar bara ba?"

"Sakin da ka yi ba haƙori ko ɗaya a bakinka? Ba wanda ya gane abin da ka ce. Ina nan daram. An ce mini ka ƙi kunu."

"Na ƙi. Ke, wannan abin da kika gina, asibiti ne ko gidan biki? Asibitin ƙwarai tun daga bakin ƙofa warin magani yake yi maka sallama. Nan kuwa ƙamshin lemo, ga tawul, ga silifa, ga wani maɓalli, in na danna sai yarinya ta shigo tana murmushi kamar na kai gaisuwa gidansu."

"To ka kai mana. Ko za a rage mini wahalar tuƙa maka tuwo mai ruwa-ruwa."

"Jiya takarda ta kawo mini, wai in zaɓa, kunun gyaɗa ko na tsamiya. Hauwa'u, shekarata saba'in da 'yan kai. Ba a tambayar mara lafiya abin da ransa yake so sai an fid da rai da shi."

"A nan kowa ake tambaya, har mai ciwon yatsa. Wanda ya zaɓi abincinsa da bakinsa ya fi cinye shi."

"Kuma ba sa ce mini majinyaci. Baƙonmu, baƙonmu. Baƙo ai mai tafiya ne."

"Mai tafiya gida."

"Wane gidan?"

Hauwa'u ta ja kujera ta zauna. Ta san kakanta. In ya sassauta murya, to maganar ta zo inda take ciwo. Malam ya nuna tagar da haɓarsa, faffaɗar taga mai gilashi wadda hantsi ya cika.

"Ni magini ne. Ko an ɗaure mini ido na san gabas. Sun kwantar da ni ta hannun dama, sun fuskantar da ni alƙibla, sun yi mini shimfiɗa fara fat. Me ya rage in ba a kira liman ba? Ki gaya wa likitanku ya daina wahalar da ni da zancen tafiya. Na gane."

Hauwa'u ta dubi tagar, ta dube shi. Daga nan ta tuntsire da dariya har mayafinta ya zame.

"Wayyo ni! Ashe gumba ce ta kusa, ba wanda ya gaya mini in zo da ƙwarya! Tsoho mai ran ƙarfe, shekara nawa muna jiƙa gero kana ba mu kunya?"

"Ja'ira. Ko na mutu ba za ki ɗanɗana ba, na bar wasiyya."

"To saurara, Mai Taga. An kwantar da kai ta dama ne saboda hagun aka yanka. Kana so a ɗora ka a kan ɗinki? Gabas kuwa, gado arba'in ne a wannan ɓangaren, duka arba'in gabas suke duba. In duk mai duban gabas tafiya zai yi, ashe maƙabarta na zana, aka yi kuskure aka sa mata famfo."

"Duka arba'in?"

"Duka. Rana ta tashe ka da safe, ka san gari ya waye, dare ya yi ka san dare ne, barci ya zo a kan lokacinsa. Mai salla a kwance ba sai ya tambayi kowa alƙibla ba. Wata uku ina jayayya da masu ginin, suna cewa a juya shi ya dubi titi don a ga kyansa. Na ce marasa lafiya na zana wa, ba masu Keke Napep ba."

Malam ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, amma bai ga dalilin da zai sa yarinya ta sani ba. Ya ƙanƙance ido, ya ƙura wa tagar.

"Ta karkace."

"Me ya karkace?"

"Tagarki. Gefen hagu ya zame da faɗin yatsa biyu. Aikin 'yan boko ke nan, a zana gida a kwamfuta, hannu bai taɓa taka laka ba."

"Hannu ne yake taka laka a Miga? Shi ya sa tsani ya yar da kai. Idonka ne ya karkace, ango. Da na'ura aka auna ta."

"Na'urar banza. Tun ubanki yana tsotson yatsa nake tsai da bango."

"Daga kan gado kowa gwani ne. Ai ba za ka iya zuwa ka duba ba, ƙafa ta ƙi. Bari in sa a rubuta a ƙofa: a nan Mai Taga ya ga taga, ya kasa isa gare ta."

"Ke! Danna mini abin nan."

Ta danna. Ma'aikaciyar jinya, Suwaiba, ta shigo da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, wanda tun safe yake jingine a waje. Suka tallafe shi ya zauna, ya sauke ƙafar dama, ya sauke ta hagu yana cije leɓe. Daɓen bai da santsi, kuma jikin bango akwai marikin katako daidai ƙugun mutum. Malam ya shafa shi, ya ji ba kaifi ko ɗaya, ya kama shi. Taku tara ne tsakanin gadon da tagar, ya yi su yana zagin jikarsa a kowane taku, ita kuwa tana gaba tana ja da baya tana yi masa gwalo.

Da ya isa, ya zaro carbinsa, ya riƙe shi ta kai, ya sake shi ya rataya a gefen tagar kamar igiyar awon gini. Carbi ya yi lilo, ya tsaya. Ya bi gefen tagar sak, ba ragi ba ƙari. A waje ga lambu, ga wasu tsofaffi biyu a kan benci suna shan hantsi, ga dabinai, ga duwatsun Dutse a can baya.

"To?" in ji Hauwa'u.

"Carbin ne ya karkace."

Suwaiba ta kasa riƙe dariya. Malam ya juya gare ta, ya gyara tsayuwa a kan ƙarfen.

"'Yata, kin san wa ya zana wannan ginin? Wannan mummunar. Jikata ce, a hannuna ta koya. Tun tana zane da gawayi a bangon zaure nake ce mata, in za ki yi ɗaki, fara da taga." Ya laluba aljihu, ya ciro ɓarin goro, ya miƙa wa Hauwa'u. "Ungo, ladan magini. Na mai da ke ɗakinki. A kawo kunun, na tsamiya, kuma a gaya wa masu jiƙa gero su shanya shi."

Ta karɓa da hannu biyu, har da rusunawa.

Hauwa'u ta daɗe da ɗauka cewa son taga wata ɗabi'a ce kawai ta kakanta, haka ma mutanen Miga. Shekara arba'in da suka wuce, matarsa Iyatu ta yi jinyar ƙarshe a wani ɗakin asibiti da ba shi da taga, can ƙarshen wani lungu mai kwana-kwana, inda fitila take ci dare da rana. Ta roƙe shi ya juya ta gabas. Shi da yake magini, ya duba bango huɗu, ya rasa ina ne gabas. Ya zaɓi ɗaya, ya ce mata nan ne. Har yau bai san ko ya dace ba, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.