Injiniya Minti Biyu da 'Ya'yansa Talatin da Bakwai

"Ni da kuke gani," in ji shi, yana dukan ƙirji har maɓallin riga na neman tsinkewa, "ko cikin barci na taɓa kwamfuta sai ta ce mini ranka ya daɗe. Fom ɗin rajistar yara? Aikin minti biyu ne!"

Aboki, wannan shi ne ɗan wan Goggo, ita ce mai makarantar renon yaran da nake wa aikin sakatare. Shi yana kiran kansa Injiniya, mu kuwa Minti Biyu muke ce masa, don ba aikin da ke wuce haka a bakinsa. Tuzuru ne riƙaƙƙe, Goggo ta yi maganar aure har bakinta ya gaji. Jakar kwamfutarsa ta fi shi ƙiba, ga baƙin tabarau ko a cikin ɗaki.

Bara wata maƙwabciya ta ɗauki wani yaro ba da sanin uwarsa ba, uwar ta zo ta sume mana a bakin ƙofa. Shi ya sa bana Goggo ta yi wa iyaye alkawari da bakinta: ba mai fita da yaro sai wanda sunansa ke haɗe da na yaron a kwamfuta. Mutuncin makarantarta kacokan ta ɗora a kan wannan magana.

Auta, 'yar Goggo, ita ce ta karanci harkar da gaske. Ta ce, "Yaya, kwanturola guda za mu sa."

Kada kalmar ta firgita ka. Kwanturola ɗan shiri ne da ke zaune a bayan shafi kamar masinja, in ka danna "Adana" ya karɓi abin da ka cike ya kai ma'ajiya.

"Ya karɓi uba da yaro tare," in ji Auta. "Ya adana uban, ya ɗauki lambarsa ya manna wa yaron. In ɗaya ya ƙi shiga, duka su tsaya, allo ya faɗa mana."

Minti Biyu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Guda? Shagon aski muke buɗewa? Ni biyu zan yi, na iyaye daban, na yara daban. Kowa da ofishinsa!"

"To yaron yaya zai gane ubansa?"

"Wanda aka adana na ƙarshe mana. Duk wanda ya shiga kafin yaro ai shi ne ubansa."

"In uban bai shiga ba fa?"

"A hannuna? Yarinya, koma ki sake karatu."

Goggo ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ta san biyu ta fi ɗaya, sai ta ba shi aikin. Auta ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ja kujera gefe.

Da ya gama, sai ya gwada da kansa. Ya shigar da sunansa a matsayin uba, ya rubuta lambar wayarsa a manne, ya ɗora hotonsa mai tabarau, hannu a haɓa. Ya shiga lafiya lau. Gogan naka bai goge ba, wai hoton ya yi kyau.

Ranar buɗe makaranta na zauna cike fom. Ni kuwa shekara ashirin ina rubuta lambar waya a rarrabe, uku-uku, da 'yar tazara a tsakani. Ashe kwanturolansa na iyaye ba ya ƙaunar tazara. Da ya gan ta sai ya watsar da uban, ko tari ba ya yi, ya wuce da ni shafin yaro. Allo kuma ya nuna mini ƙatuwar koriyar alama, don ita Injiniya ya fara zanawa kafin komai. Yara talatin da bakwai na shigar ina ta yabonsa, wallahi.

Ƙarfe ɗaya aka tashi. Yana ofis yana bayyana wa Goggo yadda zai mayar da makarantar jami'a, sai wayarsa ta fara rawa a kan tebur. Saƙo na bin saƙo.

"Manyan kamfanoni ne," in ji shi. "Ba sa barina in huta."

Goggo ta leƙa ta karanta da ƙarfi: "Ɗanka ya tashi, zo ka ɗauke shi."

Kafin ya buɗe baki muka ji hayaniya a waje. Maigadi, tsohon soja wanda bai san wasa ba, ya tare ƙofa riƙe da wayar da aka ba shi don duba mai ɗaukar kowane yaro. Wata ma'aikaciyar jinya da kayan aikinta tana nuna ɗanta tana cewa, "Ni na haife shi, Malam!"

"Ban musa ba, Hajiya. Amma ga ubansa." Ya juyo mata da allo: tabarau, hannu a haɓa.

Wani direban bas ya ce a duba tagwayensa. Tabarau. Wani tela ya ce a duba 'yarsa. Tabarau. Direban ya dubi hoton, ya dubi Minti Biyu, ya fara naɗe hannun riga.

"Laifin sakatare ne!" in ji Injiniya. "Wa ya ce ya sa tazara?"

Na ce, "Wa ya ce kar in sa?"

"To a kwantar da hankali. Minti biyu! Goge sunana kawai zan yi."

Auta ta cafke hannunsa. "Yaya, kai ka tsara in an goge uba 'ya'yansa su bi shi. Ka danna, makarantar ta zama ba ɗalibi ko ɗaya."

Gumi ya karyo masa. Ya matsa kusa da Maigadi yana rarrashi, "Baba, yau dai a yi haƙuri a bar su su tafi."

"Kai ka ce mini ko Goggo ce ta zo kar in saurare ta, sai abin da allo ya faɗa. Ni umarni ɗaya nake karɓa."

Tausayin Goggo ya kama ni, don alkawarinta ne ke shirin zama abin dariya. Can ta ce, "Dokata na nan. Uban yara ya zo ya sa hannu, ya miƙa kowane ga mai shi."

Haka aka dasa shi a rana a bakin ƙofa. Ya sa hannu, ya ba da haƙuri, ya miƙa yaro, ya sha harara. Mu kuwa muna ciki, Auta ta haɗa kwanturolanta guda, ina karanto mata sunaye daga takarda.

Wajen ƙarfe uku saura yaro ɗaya, ɗan shekara biyu, uwarsa ta maƙale a hanya. Ya tako dagwai-dagwai ya rungume ƙafar Injiniya, wani wari na biye da shi. Mai reno ta duba allo, ta ce ita lokacinta ya ƙare, uba kuma ga shi a tsaye.

Goggo ta fito da buta da sabulu da ɗan wando, ta danƙa masa.

"Shekara takwas ina roƙonka jika ko ɗaya, yau ka kawo mini talatin da bakwai. Ga autanka nan, je ka wanke shi. Aikin minti biyu ne."