Abin da Na Faɗa a Ƙarƙashin Makarar Malam Sule

Ko na so in manta da ranar jana'izar Malam Sule, ba zan iya ba. Lokacin ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandaren wani ƙauye kusa da Tsanyawa, kuma shi marigayin ne ya ba ni ɗaki a gidansa, har da tuwo kullum.

Ina da wata muguwar ɗabi'a. In zan yi mita a gaban mutanen gari sai in yi da Turanci, wai ba mai ji. (A lokacin gani nake ni kaɗai na yi boko a faɗin ƙaramar hukumar.) A makon rasuwar ne kuma na kai duwatsu aji ina koyar da heavy, heavier, heaviest. Na ɗaga babban na ce, "Wannan shi ne heaviest, wanda ya fi kowanne nauyi, babu na sama da shi." Na sa yara suka yi ta maimaitawa har murya ta dishe. Habibu, babban ɗan Malam Sule, yana bencin gaba.

Malam Sule ya rasu ana tsaka da ƙananan maganganu a kansa. Wai ya tuge gambar da ke iyaka ya shiga gonar marayun ƙanensa. A yankin nan gona manne take da gona, taku ɗaya ma abin rigima ne. Ba wanda ya tabbatar. Amma mutanen garin sun yarda cewa gawar mutumin kirki ba ta nauyi, wanda ya ci ƙasar wani kuwa da ita zai tafi. Na san da wannan. Wallahi na sani.

Da aka idar da salla aka nufi maƙabarta, ana karɓa-karɓa. Na kutsa na kama gefe ɗaya don a ga ɗan birni ya san halacci. Makarar ta ƙarfe ce sabuwa, ni kuwa ko buhun gero ban taɓa saɓawa ba. Ƙarfen ya sauka a kafaɗata, sai bakina ya suɓuce.

"Kai! Wannan ai shi ne heaviest!"

Wani dattijo ya waiwayo. "Me malam ya ce?"

Habibu yana bayana, riƙe da ɗaya hannun makarar. Wani ɗan ajinsu ne ya amsa, da ladabi: "Baba, cewa ya yi babu wanda ya kai shi nauyi."

Dattijon ya yi salati. Na kusa da shi ya kama. Kafin mu isa kabari maganar ta riga mu, ni kuma ina tafe ina jin da ma ni ne a kwance a sama.

A wajen zaman makoki na yi ta rantsuwa cewa ƙarfen nake nufi. Ana ta gyaɗa kai ana cewa, "Ba komai, Malam, Allah ne ya matsi bakinka." Wannan ta fi zagi ciwo.

Na tare Habibu a zaure zan ba shi haƙuri. Idonsa ya yi ja.

"Malam, da hannunsa yake tura maka nama a kwano," ya ce. "Ko da gaske ne, kai ne za ka faɗa?"

Na juya na fita daga zauren. Kafin sadakar bakwai iyalan suka yanki gefen gonarsu suka ba marayun, ba shari'a ba shaida, don kawai a sauke wa marigayin kaya. Hakan kuma ya zama tabbaci a wurin kowa. Na tattara tabarmata na bar gidan, ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya ce in zauna.

Yanzu in na ɗau makara cije haƙora nake yi, in kafaɗa ta gaza in miƙa wa wani in ja bakina. Amma na makara. Har yau in rigimar iyaka ta taso a garin, ana ce wa mai taurin kai ya tuna da Malam Sule, wanda malamin boko ma ya shaida nauyinsa.