Ƙarfen Alhaji

Ba zan taɓa mantawa ba da makon bikin Usman, ƙanin matata. Ni mai gyaran waya ne a kasuwar Gadarif da ke Sudan, amma da yake dangin matata suna kirana "muhandis", wato injiniya, sai abin ya shige mini kai.

Usman zai tare a gidan marigayi kakansu, wanda ya daɗe a rufe. A tsakar gidan akwai wata doguwar hasumiyar ƙarfe mai ƙafa uku, an ɗaure ta da wayoyi, a samanta wasu sanduna a jere kamar ƙayar kifi. Usman yana goye kakan ya rasu, shi ya sa ya kira ni in gaya masa ko mece ce, kuma ko za ta jure iskar damina.

Ban taɓa ganin irinta ba. Amma ga surukai tsaye, ga matata tana kallona. Na zagaya ta, na ƙwanƙwasa da makulli (har da kasa kunne, Allah ya yafe mini), sannan na ce tsohuwar eriyar talabijin ce, tsatsa ta cinye ta, ruwan farko za ta faɗo wa amarya.

Washegari mai walda ya zo sare ta. Da injinsa ya ratsa ƙafar farko, sai na ga cikin ƙarfen fari tas. Ashe jan da na kira tsatsa fenti ne. Na gani, na kau da kai. Har ni na ba da shawarar a yi turakun rumfar biki da guntayen.

Ranar walima aka kawo kakarsu Habboba, matar marigayin, daga Fau inda take zaune wurin 'yarta. Aka yi mata shimfiɗa a rumfar. Tana shan jabana, wato gahawa, sai ta dafa turken da ke kusa da ita, ta shafa shi, ta leƙa sama.

"Ina ƙarfen Alhaji?"

Duk idanu suka juyo kaina.

A hankali ta ba mu labari. Alhaji, mijinta, ma'aikacin gidan waya ne, yana da rediyo irin na magana, ba na sauraro kawai ba. Da hannunsa ya haɗa hasumiyar, duk shekara yakan hau ya shafa mata jan fenti. Ta nan yake hira da mutanen ƙasashe masu nisa. Ta nan ya dace da wani mutumin Kano, wanda ya nemo masa dangin da kakanninsa suka bari lokacin da suka taso aikin hajji.

Na buɗe baki in ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

"Ba komai, ɗana. Ai ta yi wa jikansa inuwa."

Wallahi na fi son da zagina ta yi.

Yanzu in aka nuna mini abin da ban gane ba, sai in ce ban sani ba. Maganar tana da ɗaci a baki, amma ban taɓa jin ta sare wa kowa kayan gado ba.