Ciyaman Lugwisha Ya Yi Wa Sola Rumfa

Ƙauyen Mwamashele ya yi dacen shugaba. Ciyaman Shija Lugwisha mutum ne da ko ruwan sama ya sauka da wuri, sai ya tara jama'a ya ce kada su damu da yi masa godiya. Mata na kiransa Uban Rana a bayan idonsa. Da sunan ya iso kunnensa, sai ya sa tela ya ɗinka masa shi a aljihun kwat.

Gwamnati ta aiko wa ƙauyen famfo mai aiki da hasken rana. Injiniyoyi suka kafa faifan sola, ruwa ya zubo, suka tafi. Nan take Ciyaman ya garƙame famfon da kwaɗo. Ba mai ɗiban ko ɗigo sai Kwamishinan Gunduma ya zo ya yanke ƙyalle, ya yaye allon da ke ɗauke da sunan Lugwisha. Shekara da shekaru bawan Allah yana mafarkin kujerar kansila, kuma a kan wannan allo ya rataya burinsa. Mata suka koma kogi da bokitai, suna tafe suna tsine-tsine.

Sai tausayin kayan ya kama Ciyaman.

"Jama'a, dukiyar gwamnati ce fa! Ba yankakken dankali ba ne da za a shanya a rana. Ni na je Dodoma, babban birnin ƙasa, na ga yadda ake mutunta kaya!"

Ya sa aka yi wa faifan rumfar ciyawa mai kauri, wadda ko amarya ba ta samu irinta ba.

Mama Nyanzobe ta sauke bokitinta ta ce, "Ciyaman, saura bargo, kada sanyi ya kama shi."

"Yana cikin tsari, Mama."

Ranar buki aka dafa shinkafa da naman akuya, makaɗa suka jeru. Bijimin da za a ba babban baƙo kyauta, wani baƙin ƙato mai suna Makoye, aka ɗaure shi a ginshiƙin rumfar. Ciyaman ya yi jawabi har shinkafa ta huce. Kwamishina ya yanke ƙyalle, ya murɗa famfo. Shiru. Ya sake murɗawa. Famfon ko tari bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, kunyar manya yake ji," in ji Ciyaman, gumi na bin wuyansa. Ya durƙusa ya kafa ido a bakin bututu, ya ɗaga wa makaɗa hannu su rufa masa asiri.

Ganguna suka ɓarke. Makoye ya firgita, ya fizge ginshiƙi, rumfa ta kife gefe guda. Rana ta faɗa kan faifan, ruwa ya yi tsartuwa ya wanke wa Uban Rana fuska har cikin kwat.

Kwamishina ya yi dariya har da hawaye, ya ce irin wannan ma'aikaci bai kamata a raba shi da ƙauyensa ba. Ya bar musu bijimin, ya shiga mota ba tare da ya yaye allo ba.

Allon na nan a rufe. Duk wanda ka tambaya hanya, zai ce ka miƙe har Famfon Makoye.